Ganye a jikin buhu ba shaida ba ne a Faransa

Jama'ar gida, ina gaisuwa daga Liyon. A wurin ginin da nake leburanci, wata injiniya da ba ta kai ƙanwata ba ta sa muka mayar da lodin kayan rufin bango cikin mota, a cikin ruwan sanyi, alhali mun gama saukewa. Kayan lafiyarsu ƙalau. Kowane kwali da hoton koren ganye da rubutu cewa ba ya cutar da muhalli. Ta ce ganye zane ne, ita takardar FDES take nema, wato takardar da ke bayyana tasirin kayan gini ga muhalli da lafiya.

Ran nan na sha haushi, na kuma sha bayani. Tun Janairun 2022 dokar gini ta Faransa mai suna RE2020 ta tilasta a lissafa hayaƙin kabon na sabon gida tsawon shekara 50, kaya ɗaya bayan ɗaya. Takardar FDES ɗin ita ke bin tarihin kayan: inda aka haƙo dutse, wutar da aka ƙona a masana'anta, man tirelar da ta ɗauko, gyaran da zai buƙata, har ranar da za a rushe a kwashe ɓaraguzai. Wani ne daga waje yake tantance alƙaluman, sannan a ɗora su a rumbun bayanai na intanet mai suna INIES kowa ya duba. Kayan da ba shi da takarda, sai a ɗora masa adadi mai nauyi da gangan, lissafin ginin duka ya lalace. Shi ya sa injiniyar ta kore mu.

Abin ya burge ni, amma yana da takaici. Yin takardar kuɗi ne, don haka babban kamfani na da ita, ƙaramin mai sana'a sai kallo. Kuma wallahi wani lokaci takardu sun fi bulo yawa.

Siminti ne ke shan kashi a wannan lissafi, tunda sai an gasa dutsensa a zafin da ya kai digiri 1450 a ma'aunin Celsius. Ƙasa kuwa, Allah mai iko! Ƙauyukan nan kewayen Liyon cike suke da tsofaffin gidajen ƙasa, kuma a Girenobul akwai cibiyar CRAterre da ke nazarin ginin ƙasa tun 1979. Masu kuɗi ke nemansa yanzu. Sai na tuna soron kakanmu a Damagaram, tubali da azara, da sanyinsa a tsakiyar bazara, wanda muka rushe muka kafa bulo da kwano don kada a ce mana ƙauyawa. Yau ɗakin ba ya shiguwa da rana sai da fanka, wutar ma ba ta zama.

Mu ko lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, wa ke karantawa? Farashi kawai ake tambaya, sai mai buga bulo ya ƙara yashi son ransa, mai gida na tsaye yana sa masa albarka.