Akwatin kayan fatsa ko jakar rataya?

Malam, tsakanin akwatin robar nan mai hawa uku da jakar rataya da kake tambaya, ɗauki jaka, ragowar kuɗin ka zuba a zare mai kyau.

Tawa ta tamfol ce, wani tela a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato ya ƙara mata aljihu biyu a gaba. Ba wani abin kirki a ciki: ƙugiyoyi manya da ƙanana a kwalbar magani, dalmar nutsar da ƙugiya mai nauyi da marar nauyi, zare na ko-ta-kwana, wuƙa, filaya, tocila, gwangwanin tana da gorar ruwan sha. Filayar nan kada ka raina ta, duk wanda ƙayar kurungu ta taɓa soka ba sai an yi masa bayani ba. Ƙananan ƙugiyoyi na karfasa ne, don bakinta ƙarami ne kuma tana ce koton da ta fi so. Manyan na tarwaɗa, ita kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, da magariba ko da dare, hanjin kaza ya ishe ta. Ka tuna lambar ƙugiya a juye take tafiya: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta.

Da ranin bara a Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, muka zauna tun asuba, ko taɓa koto babu. Na rataya jaka, sanda a hannu, na bi gaɓar gulbin Rima ta cikin gonakin albasa, ina tsallake taɓo, har na iske wani gurbi mai zurfi inda ruwa ya karya kwana, saiwoyin itace sun nutse a ciki. Kafin rana ta yi zafi tarwaɗa ta cika mini buhu. Abokin tafiyata mai akwati yana nan inda na bar shi, wai ƙyuyar tattara kaya. Da rani kifi taruwa yake yi a irin waɗannan gurabu, sai ka bi shi da ƙafa. Dalma iri biyu kuwa dalilinta madatsar ruwan Goronyo da ke kan Rima: ranar da aka saki ruwa daga madatsar, gudun gulbi kan ƙaru, marar nauyi ba ta zama a ƙasa.

Akwati ina da shi. Yana raba kaya tsaf, kuma idan a kwale-kwale kake ko mota za ta kai ka har bakin Tafkin Kware ka yini wuri ɗaya, ba laifi. A bayan kabu-kabu dai wahala ce, rana kuma ta gasa marufin har ya tsage.

Sai ka yi hattara wurin saye. Akwai masu zuba ƙugiyar banza a kwali mai rubutun Japan. Matsa ɗaya da filaya a gaban mai kaya, in ta miƙe ba gardama, mayar masa. Zaren roba kuma rana ke kashe shi, ga shi zafin Sakkwato a watan Afrilu kan wuce digiri 40, don haka wanda aka rataye a bakin rumfa kada ka karɓa ko da an yi maka ragi. Ka ce a ɗauko na ciki, ka ƙulla shi, ka ja da ƙarfi. In ya tsinke a ƙullin, tsoho ne. In kana da wani Basarke, wato masuncin gado, da kuka saba, tafi da shi kasuwar, ba a yi musu wannan wayon.