Rariyar imel: kowa da tasa a shagonmu

Mu shida ne a maɗaba'armu da ke Tudun Wada, kuma wata huɗu ke nan da muka mayar da imel ɗinmu hannun wani ƙaramin kamfani a nan Kaduna. Abin da ya kai ni wajensu ɗaya ne: suna barin kowane ma'aikaci ya saita rariyar saƙonnin banza da kansa.

Manhajar da suke aiki da ita SpamAssassin ce. Duk saƙon da ya shigo sai ta ba shi maki gwargwadon yadda ya yi kama da na banza, idan makin ya kai 5 ya tafi akwatin shara. Inda muke a da, wannan 5 ɗin aka ɗora wa kowa. Akwai wani Alhaji daga Zariya da ke rubuta komai da manyan baƙaƙe, ga lambar asusun banki, ga "GAGGAWA" a kan saƙo. Odarsa ta kalanda ta kwana tara a shara, ya kai aikin wani wuri. Har yau abin na ci mini rai.

Yanzu makin rariyata na kai shi 7, domin gara in share tallar magani goma da safe da in rasa ciniki ɗaya. Hajiya mai riƙe mana lissafi, wadda 'yan damfara suka addaba da rasit na bogi, ta sauke nata zuwa 3.5. Adireshin Alhaji kuwa na sa shi cikin jerin amintattu, saƙonsa ba ya sake ɓata.

Inda suka gaza, shafin saitin ba bayani ko kaɗan. Yaronmu mai zane ya ɗauka babbar lamba ita ce tsauri, ya danna 10, washegari ya tarar da tarkace fal. Ƙaramar lamba ce ke matse ramin rariya. Da na kira, wani matashi ya amsa, "Ranka ya daɗe, mayar da shi 5 tukuna, sai ka riƙa ragewa rabi-rabi." Shi ya gaya mini ma sashen da ke koyon halin saƙonni ba ya fara aiki sai ya ga na banza 200 da na kirki 200, don haka mu daina goge na banza, mu riƙa tura su akwatin shara. Wannan ya kamata a rubuta shi a shafin, da Hausa ma.

Na riga na biya kuɗin shekara mai zuwa.