Gudan jini a ƙafar mai korona: tiyata ko maganin narkarwa?

A 2020, likitoci a yankin Lombardiya na Italiya sun lura da yawaitar masu korona da ƙafarsu ke yin sanyi ƙalau, ta ɗashe, bugun jini ya ɓace. Gudan jini ne ya toshe jijiya, ga shi tsoka ba ta jure rashin jini fiye da awa 6 ko makamancin haka.

Da tiyata, ana tsaga jijiyar, a zura siririn bututun Fogarty mai balan-balan a bakinsa, a janyo gudan. Nan take jini ke dawowa. Sau da yawa ma allurar kashe zafi a wurin ta wadatar, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda huhunsa ya riga ya jigata. Sai dai jinin mai korona na saurin sake daskarewa, dole a bi da heparin, maganin hana jini daskarewa.

Ɗaya hanyar kuwa, ana ɗiga alteplase, maganin narkar da gudan jini, ta bututu cikin gudan. Maganin na kaiwa ƙananan jijiyoyin da Fogarty ba ya shiga, amma yana cin awanni, wani lokaci kwana guda, ga haɗarin zubar jini har a ƙwaƙwalwa. Idan ƙafar ta riga ta sage, yatsu ba sa motsi, ni dai ban ga dalilin jiran magani ba.