Wata uku da shamfun ketokonazol: abin da ya yi wa amosanin kaina

Na kai shekara huɗu ina fama da amosanin kai. Nawa ba ɗan farin garin nan ba ne da ake kakkaɓewa a wuce. Mai maiƙo ne, rawaya-rawaya, yana manne wa fata. Bayan kunnuwana da gefen goshi sun yi jawur, da safe kuma sai in tashi in ga ɓawo cike da farcena, wani lokacin har da ɗan jini, don cikin barci ma susa nake yi. Baƙar riga kuwa tuni na haƙura da ita.

Duk tsawon lokacin nan na ɗauka bushewar fata ce, shi ya sa nake ta lafta wa kaina man zaitun. Ashe wutar nake ƙara wa itace. Likitar fata da ta duba ni ta ce wata ƙwayar fangas ce mai suna Malasiziya, kowa na da ita a jikinsa, maiƙon fata ne abincinta, sai dai fatar wasu ba ta jure mata. "Malam, daga yau ka raba fatar kanka da mai," in ji ta, sannan ta rubuta mini shamfu mai ketokonazol, maganin da ke kashe wannan ƙwayar, kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako har mako huɗu.

Makon farko ban ga komai ba, har na fara ƙunƙuni. Laifina ne: ina shafawa nake ɗaurayewa kamar sabulun wanka, alhali takardar da ke cikin kwalin ta ce a bar shi minti 3 zuwa 5. Sai na koma saita agogon waya. Tsayuwar minti biyar a banɗaki kai duk kumfa, ba ƙaramin aiki ba ne da sanyin safiya! Amma daga nan aka fara ganin haske. Ƙaiƙayin ne ya fara lafawa, a mako na uku kuma na taje kaina a kan farin tawul, ɗan abin da ya zubo bai taka kara ya karya ba. Jan bayan kunne ya fi taurin kai, sai da na haɗa da man haidirokotizon na kwana biyar, wanda likitar ta ja mini kunne kada in zarce da shi domin yana sirantar da fata.

Aibin shamfun: yana busar da gashi ya bar shi tamkar tsintsiya, in ya shiga ido kuma akwai zafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na ga na warke na ajiye kwalbar, mako uku kacal amosanin ya dawo. Danne shi shamfun yake yi, ba ya raba mutum da shi. Yanzu sau ɗaya a mako nake wankewa da shi, sauran ranakun in yi amfani da shamfu mara ƙarfi. Shekaranjiya na fita da baƙar riga, na dawo kafaɗata tsaf.