Ladipo na da kaya, amma iskar Legas tana cin ƙarfe

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da su Inna da yara. Ka tambayi yadda harkar mota take a nan Ikko, da ko a kawo motar marigayi Baba nan a gyara. Zan ba ka amsa da abin da ya same mu da damina.

Maigidana yana da tsohuwar Land Rover, samfurin Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985, irin ta marigayi Baba sak. A watan Yuni ya yi tafiya, motar ta yi sati uku a tsakar gida nan Agege da birkin hannu a jaye, ruwa kuwa kusan kullum. Da na tashe ta na saki birki, ko motsi. Inji na ta gurnani, ita tana tsaye kamar an kafe ta.

Ka san birkin hannunta ba ya tayoyi. Duram ɗaya ne, wato kwanon ƙarfen da birki ke kamawa daga ciki, a bayan giyabos, daidai inda furofelar baya, sandar da ke juya tayoyin baya, ta fito. Makaniken da na ɗauko bai taɓa komai ba sai da ya sa waigi gaba da baya, domin irin wannan mota in ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak tana iya gangarawa ko birki na jaye. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya sassauta abin saiti, ya ɗan bubbuga gefen duram da guduma. Sai muka ji ƙas, ya saki. Da ya kwance furofela ya zare duram ɗin, cikinsa ja wur da tsatsa, shu ɗin biyu, wato ƙarafan da ke buɗewa su kama duram, sun bar shatinsu a jiki. Ɗan ƙarfen da ke buɗa su ya daskare, sifirin ɗaya ya saki, ga man giya ya zubo ta sil, robar da ke tare mai, ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Na lakata da yatsa, kamar kwalta.

Gaskiya raina ya sosu, don ta Baba ta kan yi wata biyu a rumfa a Kano, a zo a tayar a wuce. A gida ƙura ce abokiyar gabarmu, ita kuwa a hure ta a wanke, shi ke nan. Nan laima ce da iskar teku mai gishiri, suna cin ƙarfe ta ƙarƙashi alhali fenti na ƙyalli.

Ta fannin kaya kam, Legas ta yi gaba. Na je Ladipo, kasuwar kayan mota da ke Mushin, da tsohon shu da sil a leda. Ƙofar Ruwa ta Kano kasuwa ce, ban raina ta ba, amma nan bakin ruwa ne, kwantena na sauka a Apapa da Tin Can. Kafin azahar na samu shu, sifirin da sil, sabbi da tokumbo, sai wanda na zaɓa. Sai dai dole ka riƙe tsohon ka gwada su gefe da gefe, don da wanda ya miƙo min sil ɗin wata mota yana rantsuwa daidai ne.

Aikin hannu kuwa har yanzu na gida ya fi kwanta min. Na nan suna da sauri, kowa da motar da ya ƙware a kai, amma magana ɗaya ce: canza. Namu sai ya zauna ya goge da sanfefa, ya shafa giris daidai inda ya dace, ya ceto abin da za a ce ya mutu. Kuɗin aiki ma nan ya fi tsada.

Don haka maganar kawo ta Baba nan a gyara, a bar ta. Na sayi shu da sil guda biyu, zan ba direban tirela da zai taso daga Mile 12 ranar Asabar. In za ka ajiye ta da daɗewa, ka bar ta a giya, ka sa waigi, kada ka ja birkin hannu.