Nikon Coolpix P950: Ko Ta Dace da Mai Fara Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Daji?

Babbar matsalar wanda ya fara sha'awar ɗaukar hoton tsuntsayen daji ita ce nisa. Zalɓe ba ya barin mutum ya matso kusa da shi, cilakowa kuwa da zarar ta ga an ɗaga hannu sai ta canza reshe, shi ya sa hoton da aka ɗauka da wayar hannu yakan fito da ɗan ɗigon baƙi a tsakiyar sarari, wanda sai mai hoton ya rantse kafin a yarda tsuntsu ne. Manyan lens, wato gilasan gaban kyamara, da ƙwararru ke amfani da su suna warware wannan matsala, amma kuɗin wasu daga cikinsu ya kai na mota, nauyinsu kuma ya isa ya kashe wa ɗan koyo jiki tun kafin ya saba. Tsakanin wayar hannu da waɗannan manyan kaya ne kamfanin Nikon ya ajiye kyamarar Coolpix P950, wadda ya fitar a farkon shekarar 2020 a kan farashin kusan dala 800, a matsayin magajiyar P900 ta shekarar 2015.

Abin da ake sayen wannan kyamara dominsa shi ne lens ɗinta, wanda a manne yake da jikinta, ba a cire shi. Yana janyo abu har ninki 83, wato daga milimita 24 zuwa 2000 bisa ma'aunin da masu hoto suka saba kwatantawa da shi, alhali kuwa kyamarar gaba ɗayanta, da batir da kati, ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan giram ba. Idan aka tsaya a bakin ruwa a dausayin Hadejia da Nguru, inda garken kirinjijiya da dinya ke sauka can nesa bayan ciyawar kacalla, ido tsirara ba ya ganin komai sai motsi, amma da an tura lens ɗin zuwa ƙarshe sai farar fuskar kirinjijiya ta bayyana sarai, har a iya ƙidaya tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda bai riga ya mallaki tabaran hangen nesa ba, kyamarar tana yi masa aiki biyu: yana kallon tsuntsu da ita, yana kuma komawa gida da shaidar abin da ya gani, wadda zai iya gwadawa da hotunan Merlin, manhajar gane tsuntsaye, ko ya ɗora a eBird, shafin intanet na masu kallon tsuntsaye, domin masana su tabbatar masa da nau'in.

Akwai ɗan maɓalli guda a gefen lens ɗin wanda a ganina ya fi yawancin abubuwan da ake tallata kyamarar da su amfani. Duk wanda ya taɓa janyo tsuntsu sosai ya san cewa da tsuntsun ya yi tsalle zuwa wani reshe shi ke nan ya ɓace daga tagar leƙe, wato ƴar tagar da ake manna wa ido a bayan kyamara, sai mutum ya yi ta lalube cikin ganye bai san inda ya dosa ba. Idan aka danne wannan maɓalli, lens ɗin yana ja da baya ya nuna bishiyar da faɗi, tare da ɗan akwati a tsakiya. Sai a maido tsuntsun cikin akwatin, a saki maɓallin, lens ɗin ya koma daidai inda yake. Haka kuma a kan faifan zaɓen yanayi da ke saman kyamarar an keɓe gurbi na musamman mai alamar tsuntsu, wanda ke sauƙaƙa wa ɗan koyo aiki a makonnin farko, ko da yake bai kamata ya daɗe yana dogara da shi ba. Na'urar rage girgiza da ke cikin lens ɗin ita ma tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ita ce ke sa a iya ɗaukar hoto a hannu ba tare da sanda mai ƙafa uku ba, musamman idan mutum ya manna tagar leƙen a ido ya matse gwiwar hannunsa a jiki, maimakon ya miƙa kyamarar gaba yana kallon allon baya kamar mai ɗaukar hoto da waya.

Sai dai duk wannan janyowa akwai abin da aka biya aka same ta, kuma nan ne ya kamata mai saye ya nutsu. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamarar, wanda ake kira sensa, ƙarami ne ƙwarai, kimanin milimita 6 a faɗi da ƙasa da 5 a tsaye, mai megafiksel 16. Ƙanƙantarsa ce ta sa lens wanda ainihin tsawonsa milimita 357 ne yake ba da hoto kamar na 2000, kuma ƙanƙantar tasa ce ke sa kyamarar ba ta jure ƙarancin haske. Da hantsi, idan rana ta fito tana bayan mai hoto, hasbiya a kan katanga ko tsirya a bakin kogon bishiya suna fitowa da kyau, gashinsu a rarrabe. Amma da asuba kafin gari ya waye sosai, ko a cikin inuwar kurmi irin ta dajin Amurum da ke kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, dole kyamarar ta ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar hasken sensa, kuma da ta haura 800 sai gashin tsuntsun ya fara narkewa ya zama kamar an shafa shi da yatsa. Abin takaicin shi ne lokacin da tsuntsaye suka fi fitowa kiwo shi ne lokacin da hasken ya fi rauni. Ana iya rage asarar ta hanyar ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda P900 ba ta da shi amma aka saka wa P950, sannan a gyara hoton a kwamfuta. Duk da haka gyara ba ya maido da abin da sensar ba ta kama ba tun farko.

Haka nan lambar 2000 ɗin tana yaudarar mutane da yawa, domin ba kyamara kaɗai ke tsakanin mai hoto da tsuntsu ba, akwai iska. A ƙasarmu, da rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa ko daga saman ruwa yana sa iska rawa, kuma lens mai janyowa yana janyo wannan rawar tare da tsuntsun, sai hoton ya fito dishi-dishi ko da an saita komai daidai. A lokacin hunturu kuma hazo yana ƙara nasa, ga shi kuwa daga wajen Oktoba zuwa Maris ne baƙin tsuntsayen ruwa da ke tasowa daga Turai suke cika wurare irin su Dagona da Baturiya da ke dausayin Hadejia da Nguru. Saboda haka hotuna masu kyau da wannan kyamara ke bayarwa ba na tsuntsun da ke can ƙarshen gani ba ne. Na tsuntsun da ke tazarar mita goma ko ashirin ne, wanda aka janyo shi har ya cika hoton. Wanda ya koyi zama wuri guda cikin kaya marasa ƙyalli, ya bar tsuntsu ya saba da shi, zai fi mai tsayawa nesa yana dogara da lamba samun abin nunawa. A lura kuma cewa idan lens ɗin yana ƙarshe, ba ya kama abin da ya matso ƙasa da mita biyar.

Fararen tsuntsaye suna da tasu dabara. Idan belbela ta tsaya cikin rana a gaban korayen shinkafa, kyamarar takan auna hasken da duhun bayan, sai farin gashin ya ƙone ya zama fili ba zane ko ɗaya. Maganin shi ne a rage hasken da mataki ɗaya ko kusa da haka kafin a ɗauka, kuma ɗan faifan da aka ƙara a gefen lens ɗin P950 yana ba da damar yin hakan da babban yatsan hagu ba tare da an cire ido daga tagar ba.

Inda kyamarar ta gaza a fili shi ne tsuntsu mai tashi. Tsarinta na saita hoto ya fito sarai yana neman abu ne a hankali, kuma ko da yake tana ɗaukar hoto bakwai a daƙiƙa, bayan kamar guda goma sai ta tsaya tana rubuta su a kati. Shirwa mai shawagi a hankali ko shamuwa mai saukowa kan kuka ana iya dacewa da su, amma tsattsewa sai dai a kalle ta. Wanda hoton tashi ne burinsa gara ya duba Canon EOS R50 ta shekarar 2023 tare da lens RF 100-400mm, domin sensarta ta ninka ta P950 girma fiye da sau goma, tana kuma gane tsuntsu da kanta ta bi shi. Amma su biyun a farashinsu na farko sun haura dala 1,300, janyowarsu kuma ba ta wuce kwatankwacin milimita 640 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da P950 ke kaiwa. Ita kuwa babbar yayarta P1000, mai kaiwa 3000, nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma ƙarin nisan nata mafi yawa iska ce za ta cinye shi. Ban ga dalilin da ɗan koyo zai ɗora wa kansa ita ba.

Game da ƙura, lens ɗin da ba a cirewa alheri ne, domin mai canza lens a tsakiyar hunturu yana buɗe wa ƙura ƙofa ne kai tsaye zuwa sensa. Duk da haka ba a ƙera P950 da kariyar ruwa ko ƙura ba, kuma lens ɗin yana shiga yana fita kullum, don haka a riƙa sa ta cikin jaka a kan hanya, a hure ƙurar gilashin da ɗan famfon roba kafin a goge, kada a taɓa goge shi da bakin riga. Batirinta yana ɗaukar kimanin hoto 290 bisa ƙiyasin kamfanin, yawan janyowa da maidowa kuma yana rage hakan, saboda haka batir na biyu wajibi ne ga mai wuni a daji, ballantana inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Girmanta ma yana jawo ido, kuma a ƙauyen da ba a san mutum ba ya fi kyau ya fara gaida mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo shi kafin ya nufi fadama da ita.

Hukuncina shi ne P950 ta dace da wanda yake son ya san tsuntsaye, ya tara hotunansu a zaune cikin haske mai kyau, ya kuma ɗora su a intanet ko ya wanke su madaidaita. Ba ta dace da mai son manyan hotunan bango ko na tashi ba. Idan ta hannu za a saya, wanda shi ne abin da aljihun yawancin masu farawa zai iya, a tura lens ɗin daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa a saurari ko yana sarƙewa, a haska cikin gilashin da tocilan a duba ƙura ko funfuna, sannan a ɗauki hoton farin bango a buɗe shi a babban allo a ga ko akwai tabo kafin a biya kuɗi.