Allo mai fukafukai huɗu: na da da na yanzu

Malam Nasiru, ka ce ka ga hotuna biyu na allon da ake hawan igiyar teku da shi, ɗaya na shekarun 1980, ɗaya na kwanan nan, kowanne da fukafukai huɗu a ƙarƙashin wutsiya, kana tambaya ko akwai abin da ya sauya ban da fenti. Akwai ƙwarai. Abin nan ya daɗe yana burge ni, tun ina aiki a Legas, ina tsallakawa bakin tekun Tarkwa Bay ran Lahadi in zauna kallon samarin wurin suna hawan igiya.

Mu da muka tashi kusa da gulbin Rima mun san kwalekwale: ƙarƙashinsa sumul ne, filafilin da ke hannun masunci shi ke juya shi. To mai hawan igiya a tsaye yake, hannu wofi. Fukafukan nan masu kama da na bayan kifi su ke riƙe masa ruwa, da su yake juyawa idan ya danna gefen allo da ƙafa. Wani Ba'amurke, Tom Blake, shi ya fara maƙala guda ɗaya a 1935. Daga baya aka koma biyu, kuma da biyun ne Mark Richards na Ostareliya ya ci kambun duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982. Mai biyu akwai gudu, sai dai idan igiya ta girma wutsiyar kan zame ta kayar da mutum.

Maganin wannan zamewar ne aka nema ta hanya biyu kusan lokaci guda. A 1980 Simon Anderson, wani ɗan Ostareliya, ya ƙara na uku a tsakiya, can baya. A 1981 ya ci gasar Bells Beach ta Ostareliya da shi cikin manyan igiyoyi, ya kuma ci ta Pipeline a Hawai. Wasu kuma, irin su Glen Winton, suka ƙara biyu suka zama huɗu. Mai uku ya yi kasuwa, mai huɗu ya koma bayan ɗaki na kusan shekara ashirin.

Yanzu ka ɗauko hotunanka ka jera su. A tsohon za ka tarar na bayan sun matso kusa da na gaba, kuma duk huɗun suna bakin gefen allo. Wato mai biyu ne aka yi wa 'yan rakiya. Tsakiyar wutsiya fili ne fetal, ruwa na wucewa ba abin da ke tare shi, shi ya sa yake gudu kamar an harba shi. Amma lokacin da mutum ke ƙoƙarin komawa daga wannan gefe zuwa wancan, akwai ɗan lokacin da allon ke kwance ba abin da ya riƙe shi sosai. A nan mahaya ke kuka da shi: ko ya zame, ko ya kafe a kan hanya ɗaya ya ƙi lanƙwasa.

A sabon kuwa, na bayan sun ƙanƙance, an ja su baya, an kuma tura su ciki wajen tsakiya. Bruce McKee, shi ma ɗan Ostareliya, yana cikin waɗanda suka daɗe suna nacewa a kan haka, har ya fitar da lissafin inda za a dasa su gwargwadon faɗin wutsiya. Da aka yi haka sai biyun nan suka ɗauki wani ɓangare na aikin fiffiken tsakiya, ba tare da sun toshe wa ruwa hanya ba. A ganina wannan shi ne babban canjin, kuma tazarar da ake magana a kai ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba. Har sassaƙarsu ta bambanta: na gaba cikinsu shafe ne, bayansu da tudu, na baya kuma yanzu sau da yawa ana ba su tudu ta fuska biyu don juyi ya zo da laushi.

Abin da ya ba da damar wannan gyara, hanyar maƙalawa ce. A da da zaren gilashi da danƙo ake like fiffike, ya zama jikin allo. In masassaƙi ya kuskure wuri, sai dai a kankare fiffiken a sake like shi, ko a sassaƙa wani allon. A shekarun 1990 kamfanonin FCS da Futures suka yaɗa na cirewa, wanda ake ɗaurewa da ɗan kusa. Sai aka fara yin allo mai rami biyar, mutum ya sa uku da safe, ya sa huɗu da yamma, ya ji bambancin da ƙafarsa.

Masu hawan manyan igiyoyi su suka dawo masa da mutunci a shekarun 2000. Jeff Clark na Mavericks, wani wurin manyan igiyoyi a Kalifoniya, da Nathan Fletcher tare da masassaƙinsa William Riedel, sun nuna cewa a jikin igiya mai tsaye kamar katanga, fukafukai biyu da ke nutse a gefe ɗaya sun fi riƙo. Haka ma cikin igiyar da ke naɗewa ta rufe mutum kamar rami, inda gudu ne kaɗai ke fitar da shi. Kelly Slater, mai kambun duniya 11, ya shiga gasa da mai huɗu, a 2011 ma har da ɗan guntun na biyar a tsakiya.

Duk da haka, in ka kalli gasar duniya yau, yawanci mai uku za ka gani. Alƙalai na ba da maki ga juyi mai kaifi a ƙoƙoluwar igiya, fiffiken tsakiya kuwa shi ne ke zama wa mahayi turken da yake kewayawa. Ni dai da za a kai ni Tarkwa Bay a ce in zaɓa a ranar da igiya ba ta da ƙarfi, mai huɗu na yanzu zan ɗauka, mai faɗin wutsiya, don shi ne ke samun gudu ko ruwan bai tura shi sosai ba. Ka turo hoton tsohon daga ƙasa, Malam, in nuna maka inda na bayan suke zaune.